Kashi na Biyu Ba Ya Zuwa

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma shugaban wannan taro, shugabar ƙungiyarmu ta masu gina shafukan intanet da manhajoji, tare da mataimakanta, dattawan sana'a, waɗanda suka kama wannan aiki tun kwamfuta ɗaya tana cika ɗaki guda, wakilan asibitoci da makarantu da ma'aikatu, masu ba mu aiki suna amincewa da abin da muka miƙa musu, shugabannin ƙungiyoyin makafi da kurame da masu lalurar gaɓoɓi da ke zaune a sahun gaba, baiwar Allah da ke tsaye a gefena tana mayar da maganata zuwa yaren hannu, ɗalibaina na da da na yanzu, 'yan jarida, sauran jama'a maza da mata, ina gaishe ku gaisuwar girmamawa, kowa da matsayinsa.

Ina godiya ga kwamitin shirya taro da ya ba ni wannan dama kafin a kaɗa ƙuri'a. Ina kuma godiya, a madadina da mai ɗakina, ga duk waɗanda suka tako ko suka aiko da saƙo watanni takwas da suka wuce, lokacin da Allah ya karɓi ran 'yarmu. Ban samu na amsa wa kowa ba. Ku ɗauki wannan a matsayin amsa. Allah ya ba da lada, ya bar zumunci.

Abin da ke gabanmu yau abu ɗaya ne. A cikin ƙa'idojin aiki da za mu amince da su akwai sashe na tara, wanda ya ce babu ɗan ƙungiyar da zai miƙa shafi ko manhaja ga mai ita, babu kuma wanda zai sa hannu cewa aiki ya kammala, sai masu buƙata ta musamman sun gwada shi da kansu, sun shiga sun fita ba tare da wani ya riƙe musu hannu ba. An kawo gyara a kan wannan sashe. Masu gyaran sun ce manufar tana da kyau, amma a ɗage ta zuwa kashi na biyu na ƙa'idojin, wanda za a duba nan da shekara uku. Na tashi ne in roƙe ku ku ƙi wannan gyara. Zan kawo dalilaina bi da bi, kuma tunda ranar wanka ba a ɓoyon cibi, da kaina zan fara.

Na farko, ina so ku san wadda nake magana a kanta. 'Yata ta fari ta rasa ganinta tana da shekara huɗu. A gida Lauya muke ce mata, domin tun tana ƙarama ba a gama magana da ita sai ta ɗaukaka ƙara. Ba ta zama lauya ba, malamar tarihi ta zama a makarantar sakandare, kuma ɗalibanta sun shaida cewa tana gane mai gyangyaɗi a layin baya daga yadda yake numfashi. Idan na ce da baƙo tana da lalurar gani, sai ta ce, "Baba, ka kira abu da sunansa. Makauniya ce ni, ba zagi ba ne." Saboda haka da sunan da ta zaɓa zan kira ta.

Wayarta da kwamfutarta suna da murya mai karanta mata duk abin da ke rubuce a kan allo. Ta ƙara wa muryar sauri har mahaifiyarta takan ce, "Wannan abu naki kamar tsuntsaye suna faɗa, me kike ji a ciki?" Da wannan murya take shirya darasi, da ita take duba aikin yara, da ita take sayen tikitin mota. Kun san, ko ya kamata ku sani, cewa muryar nan rubutu kawai take iya karantawa. Idan ta iso kan hoton da ba a yi masa bayani ba, abin da za ta ce shi ne "hoto". Idan ta iso kan maɓallin da ba a ba shi suna ba, sai ta ce "maɓalli", ta yi shiru.

Sau da yawa takan kira ni ina ofis ta ce, "Baba, yau ma yaranka sun yi gini sun manta ƙofa." Ni kuma kullum amsata ɗaya ce: "Turo mini, Mamana, in cike miki." Sai ta ce, "Ban ce ka yi mini ba. Cewa na yi ka gyara." Mu yi dariya, in cike mata takardar cikin minti biyu, in koma aikina ina jin na yi abin da uba yake yi. Shekara da shekaru muna haka. Ina koyar da ginin manhaja a jami'a, ɗaruruwan masu gini sun bi ta hannuna, ban taɓa ware ko darasi ɗaya a kan abin da take faɗa mini ba.

Na biyu, ina so ku san abin da na yi da hannuna. Shekara shida da suka wuce wani babban asibiti ya gayyace ni in shugabanci kwamitin da zai karɓi sabon shafinsa na marasa lafiya, inda mutum zai nemi ranar ganin likita, ya kuma duba sakamakon gwajinsa. Mun zauna a ɗakin taro na bene na uku, mu tara, ranar Laraba, saura kwana biyar a buɗe shafin. An riga an buga katin gayyata. A gabanmu akwai takarda mai layi ashirin da biyu na abubuwan da suka rage. Muna bi muna sokewa, har muka iso layi na goma sha huɗu.

Injiniyar da ke jagorantar gwaji, mace mai shekara ashirin a wannan aiki, ta ɗaga hannu ta ce, "Farfesa, wannan fa ba ƙarami ba ne. Sakamakon gwaji, takardar likita ake ɗauka hoto a ɗora. Wanda ba ya gani, babu abin da zai ji." Wani daga ƙarshen tebur ya ce, "Haba Hajiya, makaho ai da ɗan jagora yake zuwa asibiti. Wanda ya rako shi ya karanta masa mana." Aka yi 'yar dariya. Ni ban yi dariya ba, amma ban tsawatar ba. Agogo na duba. Na ce, "Gaskiyarki. A sa shi a kashi na biyu." Ta dube ni jim kaɗan, domin ta san wadda nake da ita a gida, sannan ta rubuta abin da na ce. Na sa hannu. Aka buɗe shafi ranar Litinin, aka yanka ƙyalle, aka ɗauki hoto ina tsakiya.

Duk wanda ya yi shekara biyu a wannan sana'a ya san mene ne kashi na biyu. Shi ne wurin da muke ajiye abin da muka yarda gaskiya ne amma ba mu da niyyar yi. Ranar da aka buɗe shafi ake raba ma'aikatan zuwa wasu ayyuka, takardar ta shiga aljihun tebur, mai teburin ya samu canjin wurin aiki. Na ƙirga ayyukan da na sa wa hannu a rayuwata, sun kai talatin da ɗaya. Guda ashirin da shida suna da kashi na biyu a rubuce. Waɗanda aka koma aka yi, uku ne.

Na uku, abin da ya biyo baya. Zan faɗe shi a taƙaice, kuma ina roƙon ku yi mini uzuri idan na karanta daga takarda.

Shekara biyu da suka wuce 'yata ta ji ƙullutu a ƙirjinta. Ba ta gaya wa kowa ba, domin mahaifiyarta tana fama da hawan jini. Ta je wannan asibiti ita kaɗai da sandarta, aka ɗebi abin da za a gwada, aka ba ta ranar dawowa bayan mako bakwai. Kwana shida da yin haka saƙo ya shigo wayarta cewa sakamako ya fito, ta shiga shafi ta duba. Ta shiga a lokacin hutun tara, tana zaune a ɗakin malamai. Muryar ta karanta mata sunanta, ta karanta kwanan wata, sannan ta ce "hoto".

Ba ta zauna haka ba. Ta sa wata manhaja mai ƙoƙarin ciro rubutu daga cikin hoto. Manhajar ta karanta abin da inji ya buga, wato sunan sashe da lambar kati, ta kasa karanta rubutun hannun likita. Ta buga wa asibiti waya, aka ce mata doka ta hana faɗin sakamako ta waya, yana kan shafi, in ba haka ba ta jira ranarta. Sai ta yi tunanin da kowane mai hankali zai yi: da akwai matsala, ai da sun neme ni. Ta jira. A ƙasan wannan hoto, da jan biro, an rubuta cewa ta dawo cikin mako guda, an ja layi biyu a ƙarƙashi. Su kuma mutanen asibitin, a wurinsu sun sanar da ita, domin na'ura ta nuna musu cewa ta buɗe takardar.

Ranar da makonni bakwan suka cika muka san abin da ke cikin hoton, muna zaune ni da ita a kan benci a barandar asibitin da hantsi, muna jiran a sake kiran lambarta. Na yi mata tambayar da bai kamata in yi ba. Na ce, "Mamana, me ya hana ki turo mini in karanta miki?" Ta juyo da fuskarta wajen muryata ta ce, "Baba, tun ina ƙarama ake karanta mini wasiƙuna. Sakamakon jarrabawata kai ka fara gani. Takardar ɗaukata aiki Umma ce ta fara gani. Wannan jikina ne. Ita kaɗai na so in fara ji kafin kowa." Sai ta taɓa gwiwata ta ce, "Kar ka ɓata rai, Farfesa. Yaranka ne suka sake manta ƙofa."

Ba ta san wanda ya sa hannu ba. Bayan kwana uku na gaya mata. Sai ta ce, "To, yanzu ka san inda ƙofar take." Ba ta ƙara tayar da maganar ba har ta koma ga Mahaliccinta.

Ina so in yi adalci, domin baƙin ciki ba ya halatta wa mutum ƙarya. Na tambayi likitanta ko makonni shidan nan ne suka raba mu da ita. Ya ce ba zai iya cewa e ba, ba zai iya cewa a'a ba. Ciwon mai saurin yaɗuwa ne, kuma a irinsa kowane mako yana da nauyi. Na yi imani cewa ajali ba ya gaba ba ya baya, kuma ban zo nan in yi jayayya da hukuncin Ubangiji ba. Ban zo in tuhumi asibitin ba, ban zo in tuhumi wanda ya yi raha a ƙarshen tebur ba. Laifi tudu ne, kowa nasa yake takawa ya hango na wani, ni kuwa na gaji da hange. Abin da na sani tabbas shi ne an rubuta wa 'yata saƙo cewa ta yi sauri, saƙon ya iso hannunta, ta buɗe shi, kuma aikin da na sa wa hannu ya hana ta ji.

Na huɗu, in juya ga 'yan'uwana masu neman a ɗage. Na san su, wasunsu ni na koyar da su, kuma ba mugaye ba ne. Ni ma ranar Larabar nan ba mugu ba ne. Mutum ne mai sauri.

Sun ce aikin zai ci lokaci, ƙananan kamfanoni ba za su iya ba. Bayan rasuwarta da wata biyu na koma asibitin nan, na nemi a ciro takardar daga inda take, na zauna da masu gini biyu. Muka sa likita ya riƙa shigar da sakamako a rubuce, muka ba kowane maɓalli suna, muka sa duk saƙon gaggawa ya fito a kalmomi a saman shafi. Layi na goma sha huɗu, wanda ya yi shekara shida yana jira, kwana tara ya ɗauke mu. Da tun farko aka yi shi, ko kwana uku ba zai kai ba. Tun ran gini ran zane. Wanda ya fasa bango don ya fitar da ƙofa shi ne yake shan wahala, mai aza tubali yana barin gurbinta bai yi asarar komai ba.

Sun ce waɗanda abin ya shafa ba su da yawa. Ina tambaya: da me muka ƙirga su? Muna duba alƙaluman masu shiga shafi, mu ga babu makafi, sai mu ce ba sa zuwa. Wanda ya rufe ƙofa ya leƙa ɗaki ya ce babu baƙo, wa ya yaudara? Kuma maganar ba ta tsaya a kan makafi ba. Akwai kurman da muke sa wa bayanin shan magani a bidiyo babu rubutu a ƙasa. Akwai mai rawar hannu da muke ba daƙiƙa sittin ya cike takarda, kafin ya kai layi na uku mun fitar da shi. Akwai wanda ja da kore duk ɗaya ne a idonsa, mu kuma da launi kaɗai muke nuna masa haɗari. Ku dubi sahun dattawan nan, ku ƙirga tabarau. Shekarata sittin da uku, kuma bana na fara ƙara girman rubutun wayata. Layin da muke cewa na wasu ne, dukkanmu muna cikinsa, wasu dai sun riga wasu isa gaba.

Sun ce, a ƙarshe, masu ba mu aiki ba su nema ba. Mai gida ba ya cewa magini ya sa ƙarfe a cikin ginshiƙi, domin bai san ana sawa ba. Amincewa ya yi. Daraktan asibitin nan likita ne, bai san abin da murya take yi da hoto ba. Ni na sani. Saboda sanin nan aka kira ni, aka ba ni kujerar tsakiya.

Na biyar, kuma shi ne mafi sauƙi. Kuskurenmu ba daga rashin ilimi yake ba, daga yadda muke gwaji yake. Mai gini yana gwada aikinsa da idonsa mai lafiya, da hannunsa a kan linzamin kwamfuta, a kan babban allo, ya ga komai ya yi kyau, ya kira abokinsa mai irin idonsa ya tabbatar masa. Sashe na tara ya zo ya karya wannan al'ada. Kafin ku kira masu gwaji ma, ku yi abin da na yi wata safiya a ofishina: na zare linzamin na sa a aljihun tebur, na kashe allo, na kunna muryar, na ce bari in nemi ranar ganin likita a shafin da na yaba. Minti arba'in ina zagaye wuri ɗaya, ana ce mini "maɓalli, maɓalli, maɓalli". Ban samu ranar ba. Jiki magayi. Gobe da safe kowannenku ya yi wa aikinsa haka, minti goma kawai. Sannan ku kira mutanen da ke zaune a sahun gaba, a matsayin ƙwararru masu haƙƙin aikinsu, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan suka ce ba su wuce ba, aiki bai ƙare ba, ko da an buga katin gayyata.

Ni dai na riga na yanke wa kaina. Ko wannan sashe ya wuce ko bai wuce ba, hannuna ba zai ƙara hawa kan takardar da aka tura irin wannan layi gaba ba, kuma ɗalibi ba zai ƙara fita daga ajina bai taɓa aiki da allo a kashe ba. Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Idan na ƙi, za a kai wa wani ya sa. Abin da zai hana shi ne dukkanmu mu zama mun ɗaure kanmu da magana ɗaya, yadda mai aiki zai zagaya gari bai samu mai sa masa hannu ba. A cikin shekara ukun da ake so mu jira, za mu miƙa ɗaruruwan shafuka. A bayan ɗaya daga cikinsu akwai wata da ke zaune a wurin aikinta da waya a hannu, an aiko mata da saƙon da ba ya jira. Ban san sunanta ba. Mahaifinta wataƙila yana cikin wannan zaure.

Mai girma shugaba, saura abu ɗaya. Injiniyar da ta ɗaga hannu ranar Larabar nan tana nan, na gan ta a layi na biyar, kusa da taga. Ba zan ce ta miƙe ba, ba ta son haka. Hajiya, kin yi magana a lokacin da ya dace, a gaban wanda ya fi kowa dalilin saurarenki, na ba ki rabin amsa. Ga cikakkiyarta, a gaban shaidu, ko da ta makara da shekara shida: gaskiyarki, ba za mu sa hannu ba sai an gyara.

Wannan amsa nake roƙon zauren nan ya bayar idan an kira sashe na tara. Ku ƙi gyaran. Ku bar sashen a kashi na farko, inda za a yi shi.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya haskaka makwancinsu, ya haɗa da tawa. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya sa saƙonsu ya iso su a kan lokaci. Allah ya sa albarka a hannuwanku da abin da suke ginawa, ya tsare ku daga sa hannun da za ku riƙa tunawa. Allah ya yi wa shugabanninmu jagora, ya mayar da kowa gidansa lafiya, ya tarar da iyalinsa cikin alheri.

Na gode.